Zan kai yarona farautar barewa a Satumba, ina neman shawara

Baban Khalifa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan, musamman mazauna Amurka, amma kowa ma ya tofa albarkacin bakinsa. Ina jihar Mishigan kusa da Lansing shekara tara kenan, shekaru biyu da suka wuce na fara bin wani abokin aikina bature farautar barewa a gonar surukinsa, na yi kwas ɗin farauta da hukumar DNR mai kula da daji da namun daji ta jihar ke wajabtawa na karɓi katina, bara a Nuwamba Allah ya ciyar da ni da mace ɗaya muka yi ta cin dambu har azumi ya kama.

To tun ranar da na shigo gida da naman nan babban ɗana ya hana ni sakat, shekararsa 11, kullum Abba yaushe za ka je da ni. A nan akwai wasu kwana biyu a tsakiyar Satumba, Asabar da Lahadi, suna ce musu Liberty Hunt, an ware su ne don yara 'yan shekara 16 zuwa ƙasa da kuma masu lalurar nakasa, tun kafin manya su shiga daji su firgita dabbobin. Na riga na yi masa lasisin ɗan koyo, wanda yaro zai iya fita da shi sau biyu wato shekara biyu kafin dole ya yi kwas, sharaɗin dai babba mai cikakken lasisi yana gefensa. Mai gonar ma ya ce ba matsala.

Damuwata ita ce ni duk farautar da na sani ta sanyi ce, ka harbe ka rataye a gareji ta kwana biyu ba abin da zai same ta, amma Satumba ai da sauran zafi, ya ake yi da naman? Sannan bindigata .30-06 ce ni kaina in na harba sai na ji a kafaɗa balle wannan ɗan firit ɗin. Kuma in yaro ne ya harba wanda bai balaga ba naman ya halatta? Na ƙarshe kuma wanda ya fi duka girma, uwarsa ta ce wallahi ba da yawunta ba, kwana uku kenan ana ba ni abinci ba magana.

Bazazzagin Ohayo

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kai ka jawo ai. Na kai nawa biyu, babban yanzu ya fi ni saiti, bari in faɗa maka abin da na gani.

Ajiye .30-06 ɗin nan tukuna. Yaro in bindiga ta nushe shi sau ɗaya shikenan ya koyi runtse ido kafin ya ja kunama, kuma cire masa wannan ɗabi'ar sai an sha wahala. Nemi .350 Legend ko aro ne, tun da ta fito a 2019 ita yawancin iyaye ke ba yara a yankinmu saboda ba ta da naushi sosai kuma tana kayar da barewa lafiya lau a yadi ɗari. Ka leƙa ɗan littafin dokokin DNR na bana ka ga irin harsashin da aka yarda da shi a gundumar da gonar take, suna yawan canza abubuwa. Kafin ranar ku je filin koyon harbi aƙalla sau uku, da abin toshe kunne, a kan sandar ɗora bindiga irin wadda zai yi amfani da ita a daji. Ka manna farantin takarda a yadi 50, in yana zuba biyar a ciki to yadi 50 ne iyakarsa, ko mai rassan ƙaho goma ne ya tsaya a yadi 90 ku bar shi ya wuce. Ka nuna masa hotunan barewa a waya yana ɗora yatsa inda zai harba, bayan kafaɗar gaba kaɗan, wajen huhu da zuciya, kuma sai ta ba da gefe.

Kar ka hau da shi kujerar kan bishiya, faɗowa daga can ta fi bindiga raunata mafarauta a ƙasar nan. Ɗan tantin ɓuya na ƙasa ya fi, yaro zai yi mutsu-mutsunsa ya sosa ƙeya ya ci biskit ba a gan shi ba, amma ka kafa shi tun sati biyu kafin ranar su saba da ganinsa. Ku biyun duka riga da hula ruwan goro, sa aƙalla ɗaya daga ciki doka ce ga mai farauta a jiharku.

Satumba daban take da Nuwamba. A Nuwamba mazan sun haukace da neman mata suna yawo ko ina ko da rana tsaka, yanzu kuwa ciki kawai suke bauta wa, daga makwanci zuwa gonar waken suya ko alfalfa, daga gona zuwa makwanci, kusan lokaci ɗaya kullum kamar ma'aikatan gwamnati. Tambayi mai gonar ta wace kusurwa suke fitowa da yamma. Ni ban cika son fitar asuba da yaro a wannan lokacin ba don sau da yawa suna cikin gonar za ku je ku kore su a duhu, ga yaro da barci a ido. Ku yi la'asar ku shiga wajen biyar, rana na faɗuwa takwas saura a wajenku, doka ta ba ku rabin awa bayan faɗuwarta. Iska kuma ta riƙa bugo ku a fuska daga wajen gonar, in tana kwasar warinku tana kai musu ko kun yi wanka da turaren duniya ba za ku ga komai ba. Sauro sai ka ce Kano a Agusta, ga kaska mai sa cutar Lyme, fesa wa kayanku maganin ƙwari na permethrin kwana ɗaya kafin nan su bushe, in kun dawo a duba yaro tas har hammata da bayan kunne.

Maganar nama kuwa na taɓa yin asara shi ya sa nake da zafi a kai. Wata shekara farkon kakar baka na harbi mace da yamma ban same ta ba sai da safe, wlh cinyar da ta kwanta a kai har ta yi kore, haka na haƙura. Nama yana son ya sauka ƙasa da digiri 4 da wuri, ku kuma za ku iya samun 25 da rana. Ka tafi da kula babba da buhunan ƙanƙara huɗu ko biyar tun daga gida, kar ka ce sai mun samu, ana ɗaura mata tag wato takardar shaidar lasisi a fitar da kayan ciki nan take a cusa ƙanƙara a ƙirjin, a daren a feɗe ta a rarraba. In kuma wajen masu gyaran nama za ka kai to buɗe kunnenka, naman barewa ba shi da kitse saboda haka da yawansu kitsen alade suke haɗawa in za su niƙa ko su yi sosej, kuma injin ɗaya ne. Ni sai da aka miƙo mini leda na ga an rubuta a jiki, kashi ɗaya cikin uku na naman sai maƙwabci na ba. Tun daga nan da kaina nake yi a kan teburin gareji.

Batun Hajiya kuma wannan ya fi ƙarfina, ni ma sai da na haɗa da sayen sabuwar firiza.

Maman Iman

Ni dai ina bayan matarka, gaskiya ɗaya ce. Ku maza kuna ta lissafin yadi da ƙanƙara, ita kuwa Oxford take tunawa, nan cikin Mishigan ɗinku a Nuwamba 2021, yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu da bindigar da ubansa ya saya masa, daga baya kotu ta ɗaure uwar da uban duka. Ban ce ɗanka haka yake ba Allah ya tsare, amma uwar da ke ƙasar nan ta ji an haɗa kalmar yaro da bindiga dole gabanta ya faɗi, kar ka mayar da ita mai rigima.

Kuma akwai abin da ba wanda ya faɗa, ɗanka baƙi ne kuma Musulmi. Ɗan abokin aikinka zai sa hotonsa da bindiga a Instagram a ce masa sannu jarumi, naka ya sa irinsa ranar Litinin a kira ka ofishin shugaban makaranta. Ka zaunar da shi ka gaya masa wannan ƙarara, ba hoto da bindiga, ba zanenta a littafi, ba ba da labarin harbi a aji, harsashi ko kwanson da aka riga aka harba kar ya kuskura ya shiga jakar makaranta, ka caje aljihunsa da kanka in kun dawo. Gonar ma a tabbatar maƙwabta sun san da zuwanku kuma kun san iyakarta, kar a bi jini a faɗa filin wani da daddare.

Mijina ma yana zuwa, ban hana ba, amma sai da na ga akwatin ƙarfen da idona, bindiga a kulle ba harsashi a ciki, harsashin a wani wuri daban, lambar kuma yara ba su sani ba. A jiharku ma tun Fabrairu 2024 doka ce in akwai yaro a gida. Ka kai ta filin koyon harbin ta ga yadda ake koya masa, ta ji da kunnenta yana karanto ƙa'idojin. In bayan haka ta ce a'a to a bari sai baɗi mana, barewa ba ƙarewa za su yi ba, mu nan har furannin ƙofar gida suke cinye mana.

Almajirin Malam

Baban Khalifa, Allah ya raya mana Khalifa. A kan halacci, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a sharɗanta balaga ga mafarauci ba, abin da ake nema ya zama Musulmi mai wayo wanda ya san abin da yake yi, ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki harbin. Ɗan shekara 11 ya cika wannan. Shi zai yi bisimillar da bakinsa tunda shi ne mai harbi, taka ba ta isar masa, sai dai ka tuna masa a kunne. In mantuwa ce ta sa bai yi ba ana ci, in da gangan ya bari ba a ci, haka yake a Risala.

Harsashi kuma malamanmu na baya sun yi magana a kai bayan bindiga ta bayyana, suka halatta saboda yana hudawa ya zubar da jini. Asalin maganar hadisin Adiyyu ɗan Hatim ne da ke Buhari da Muslim, inda aka ce masa abin da makamin ya huda da kaifinsa a ci, wanda ya buge da faɗinsa ya mutu kar a ci. A hadisin nasa ne kuma aka hana cin wadda aka tarar ta faɗa ruwa ta mutu, don ba a san ko ruwan ne ya kashe ta ba, to in akwai rafi ko fadama kusa da gonar a lura.

Inda nake so ka kula shi ne wuƙa. In kun iske ta da sauran rai kuma harbin bai samu makasa ba, dole a yanka, in kuka tsaya kallo ko neman wuƙa har ta mutu ta zama mushe. Malamai har cewa suka yi wanda ya bar wuƙarsa a cikin jaka ko a hannun wani da ke baya ya yi sakaci. Saboda haka tana ɗaure a ƙugunka, mai kaifi, kuma kai za ka yi yankan. Na san turawa na cewa a zauna rabin awa kafin a bi sawu, to wadda ta faɗi a gabanku kuna ganinta tana shure-shure ba zama, a je a yanka.

Magariba kuma za ta same ku a tanti, ku tafi da alwala da ɗan abin shimfiɗa.

Jikan Sarkin Baka

Hhhh ikon Allah, wato ku acan harda ranar yara ake warewa da tanti da biskit. Ni daga Ningi nake rubutu, kakana maharbi ne babana ma haka, mu lokacin da muka fara bin farauta da rani bayan an gama girbi ba wanda ya baka ko gora, aikinka rataya jaka da riƙe kare da ɗaukar abinda aka kashe, kayi shekara uku ahaka kana shan ƙaya da rana kafin a yarda ka taɓa baka balle bindigar toka. Kuma barewa yanzu sai dai labari, in anyi sa'a gada ko zomo ko gafiya, shima sai an kusa fasa kai akan waye karensa ya fara kamawa. Ku kuna cewa suna cin furen ƙofar gida, Allah ka kaimu.

Abu ɗaya zan faɗa maka yaya, yaro baya sanin me zai ji sai ya ga jini. Ƙanina ranar da aka fara yanka gada agabansa tana wannan kukan nata kamar na jariri, sati yayi baya cin nama kuma har yau bai sake bin daji ba, babanmu bai taɓa ce masa rago ba ko sau ɗaya. In naka ya ɗaga bindiga ya fasa karka nuna masa ko a fuska. Shin yana tsayawa wajen yankan ragon layya? In baya tsayawa to daga nan zaka fara.

In Allah ya bada sa'a a soya masa hanta shi ya fara ci, haka akeyi mana, kai kuma kasha farfesun kai ka tuna damu.

Bazazzagin Ohayo

Jikan Sarki, hanta dai to, amma farfesun kai a yankin su Baban Khalifa a'a. Akwai cutar da ake kira CWD mai cin ƙwaƙwalwar barewa, a Mishigan an fara ganinta a barewar daji a 2015 kuma a gundumar Ingham ne, wato nan gefen Lansing ɗin. Dafuwa ba ta kashe abin da ke kawo ta. Ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba amma hukumomin lafiya sun ce kar a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita, kuma a guji ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya da saifa. Kan dai gwaji ake kaiwa, a sa naman a firiza a jira sakamako. Kar ka manta kuma da kai rahoton abin da kuka kashe ta intanet cikin awa 72, tun 2022 wajibi ne a jiharku.

Malam, ba mu saɓa ba. Wadda ta faɗi a gani ana zuwa nan take, ta bayanta dai, a kiyayi ƙafafun don kofaton nan yana tsaga mutum, yaro kuma ya tsaya baya da bindiga an cire harsashi. Jiran na wadda ta shige kurmi ne, in ka bi ta da zafi tashi za ta yi ta ƙara mil guda ka rasa ta gaba ɗaya. Jinin zai gaya maka, mai haske da kumfa huhu ne ba za ta yi nisa ba ku bi, mai duhu hanta ce a ɗan saurara, in ka ga kore-kore da wari to tumbi aka samu, a zafin Satumba wannan sai addu'a. Shi ya sa na nace a kan yadi 50.

Baban Khalifa

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, ga yadda aka ƙare. Maman Iman na bi shawararki na kai ta filin harbin, ta zauna da abin toshe kunne tana harararmu, da ta ga ya zuba biyar a faranti kuma ya cire harsashi ya nuna wa mai kula da wajen kafin ya ajiye, a mota ta ce sau ɗaya, kuma ita za ta riƙe makullin akwatin. Na ce na ji.

Asabar mun shiga biyar da kwata da .350 ɗin abokina. Awa biyu ba komai sai kurege da sauro, ya cinye biskit ya shanye ruwa ya tambaye ni ƙarfe nawa ya fi sau goma. Bakwai da rabi sai ga mace ta fito ta kusurwar da mai gonar ya faɗa, tana tafe tana tsayawa har ta zo daidai sandar da muka kafa a yadi 45 ta ba da gefe kamar an zana ta. Yaro ya ɗora bindiga, ina jin numfashinsa kamar ya yi tsere, gwiwarsa na bugun tawa, ya yi bisimilla ta fi uku. Kawai sai ga 'ya'ya biyu sun biyo ta a guje. Ya ɗago kai ya ce Abba tana da yara. Na raɗa masa cewa sun isa cin ciyawa da kansu, doka ma ba ta hana ba, amma yadda ka gani. Ya mayar da sefti, wato ya kulle kunamar bindigar. Jikan Sarki maganarka ce ta faɗo mini, na haɗiye abin da ke bakina duk da ina hango kilishi yana tafiya, muka zauna muna kallonsu har duhu ya rufa muka yi magariba a gefen mota.

Lahadi iska ta juya, wata ta shaƙo mu tun daga cikin kurmi ta yi wannan hucin nasu ta ɗaga farar wutsiya, shikenan ba wanda ya sake fitowa. Buhun ƙanƙara biyar sun zama ruwa a but, uwarsa ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce ina naman, shi kuwa ya ba ta labarin 'ya'yan barewar ya fi sau biyar har da kwaikwayon tsallensu. Kaska ɗaya muka cire masa a bayan gwiwa ba ta riga ta kama ba.

Yanzu ya ce 15 ga Nuwamba in an buɗe ta manya mai ƙaho yake so, uwar ta ce ai sau ɗaya aka yi da ita, ana nan ana tattaunawa. Bazazzagi, cikin kayan yaranka akwai takalmin sanyi lamba 6 da ya yi musu kaɗan?